Mutum, Mutane, Al'ummomi: Fashin Baƙi Kan Jam'in Sunayen Ɗan Adam a Turanci

Duk wanda ya taɓa shiga lifta a wani dogon bene a Abuja ko Kano zai iya tuna ɗan allon ƙarfen nan da ake mannawa a jikin bangonta, mai ɗauke da rubutu irin “8 persons” tare da nauyin da take iya ɗauka. Wanda ya karanta wannan allo da safe, idan ya kunna rediyo da yamma, zai ji mai karanta labaran Turanci yana cewa “eight people”, alhali adadin ɗaya ne, waɗanda ake ƙirgawa kuma duk 'yan Adam ne. Idan ya ci gaba da sauraro har aka zo labarin Majalisar Ɗinkin Duniya, yana iya jin an ce “peoples”, wato an ɗauki kalmar da malaminsa ya ce masa jam'i ce an sake liƙa mata alamar jam'i. Ɗalibin da aka koya wa tun firamare cewa jam'i a Turanci harafin “s” ne kawai a ƙarshen kalma yana da hujjar ya ɗaure kai, domin a daidai wurin da ya fi buƙatar ƙa'idar, wato wajen ambaton mutane, a nan ne ƙa'idar ta fi karyewa.

Ruwa ba ya tsami banza. Kalmomin da ake kiran ɗan Adam da su suna cikin tsofaffin kalmomin kowane harshe, kuma su ne bakuna suka fi taunawa, shi ya sa suke riƙe da tsohuwar sigarsu bayan sauran kalmomi sun bi sabuwar ƙa'ida. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin haka ba, domin shi ma yana cewa mace da mata, namiji da maza, ɗa da 'ya'ya, kuma babu wata ƙa'ida guda da za ta fitar wa baƙo waɗannan jam'o'i idan bai haddace su ba.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, “people” ba daga “person” aka samo ta ba. Kalmomi ne biyu masu asali dabam, dukansu daga Latin, kuma dukansu sun shiga Turanci ta bakin Faransanci bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka. “Person” ta fito daga “persona”, sunan fuskar aro da ɗan wasan kwaikwayo yake sanyawa a dandali, daga nan ta koma nufin rawar da mutum ke takawa, sannan ta zama mutumin kansa, musamman a matsayinsa na mai haƙƙi da alhaki a gaban shari'a. “People” kuwa daga “populus” take, wato jama'ar gari ko ta ƙasa a dunƙule. Kafin zuwansu Ingilishi yana da nasa kalmomin, irin su “folc”, wadda ta rayu har yau a matsayin “folk”. Abin ya yi kama da yadda jama'a da al'umma suka shigo Hausa daga Larabci ta hanyar addini da karatu, suka zauna kusa da kalmar mutane ba tare da sun kore ta ba, kowacce ta samu gurbinta.

Da tafiya ta yi tafiya, masu magana da Turanci suka riƙa ɗaukar “people” a matsayin jam'in “person” a zancen yau da kullum, har da ƙidaya. Wannan ba sabon abu ba ne, domin mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya riga ya haɗa kalmar da adadin dubu a rubutunsa. Amma daga ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20 wasu masu kula da tsabtar harshe suka tashi haiƙan suna cewa haramun ne a haɗa “people” da lamba. A ganinsu, idan an san adadi sai a ce “persons”, idan kuma taro ne da ba a ƙirga ba sai a ce “people”. Fitaccen misalin wannan ra'ayi yana cikin ɗan littafin salon rubutu na William Strunk, malamin jami'ar Cornell, wanda ya fara fitowa a 1918, E. B. White kuma ya sake masa fasali a 1959. Hujjar da aka kawo a ciki tambaya ce: idan akwai “six people”, biyar suka tafi, nawa suka rage? Tun da ba za a ce “one people” ba, a cewarsu, ashe tun farko bai dace a ce “six people” ba.

Hujjar tana da daɗin ji, amma ba ta da ƙarfi. Idan akwai shanu shida, biyar suka tafi, sa ɗaya ya rage ko saniya ɗaya, kuma babu wanda zai ce don haka kada a ƙirga shanu. Harshe ba ya buƙatar tilo da jam'i su fito daga saiwa ɗaya kafin su yi aiki tare. Ƙa'idar ba ta taɓa kama bakin talakawan Ingila da Amurka ba, kuma daga baya manyan gidajen jarida suka watsar da ita. Littafin salon rubutu na kamfanin dillancin labarai na Associated Press, alal misali, yanzu “people” yake umartar ma'aikatansa su rubuta ko da an san adadi. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta “three people came” ya yi daidai a London, ya yi daidai a New York, ya kuma yi daidai a jarrabawar WAEC.

Sai dai abin da waɗancan masu tsauri suka hango ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, kuma Hausa tana taimakawa wajen ganinsa. Mukan ce mutum shida suka zo, mukan kuma ce mutane shida suka zo. Na farkon yana ƙirga kawuna ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda direban mota ke cewa saura mutum biyu a tasha, na biyun kuma yana kallonsu a matsayin ƙungiya. “Persons” tana yin aikin na farkon. Ita ce kalmar da ke ware kowane mutum shi kaɗai, ta tsayar da shi a gaban doka ko a kan ma'auni, shi ya sa ta maƙale a jikin lifta da jirgin ruwa, da takardun kotu da na 'yan sanda. Ana cewa “missing persons” ga waɗanda suka ɓata, domin kowannensu yana da suna da fayil. Ana kiran waɗanda rikici ya raba da gidajensu a cikin ƙasarsu “internally displaced persons”, inda aka samo taƙaitaccen sunan nan na IDP da ya zama ruwan dare a Borno da Yobe da Zamfara. Hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane tana ɗauke da “persons” a cikin sunanta, haka ma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman.

Akwai wani dalili na shari'a da ya sa lauyoyi ba za su saki kalmar ba. A dokar Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta, har da Nijeriya, kamfani mai rajista “person” ne: yana mallakar dukiya, yana kai ƙara, ana kuma kai shi. Idan doka ta ce “persons”, tana iya haɗawa da kamfanoni, abin da “people” ba za ta taɓa yi ba. Wanda ya duba kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 zai ga rabon aikin ƙarara. Gabatarwarsa ta buɗe da “We the people”, domin ana maganar jama'ar da mulki ke hannunta ne a dunƙule, amma da aka zo babi na 4 mai bayanin haƙƙoƙi sai aka koma “every person”, tun da haƙƙin rayuwa na kowane mutum ne shi kaɗai.

Nauyin wannan kalma ya taɓa kai wata ƙasa har kotun ƙoli. Dokar da ta kafa Kanada a 1867 ta ce “qualified persons” ne za a naɗa a majalisar dattawa, gwamnatoci kuma suka riƙa fassara hakan da cewa maza kaɗai ake nufi. Wasu mata biyar daga lardin Alberta suka nemi a fayyace, kotun ƙolin Kanada ta yanke a 1928 cewa mata ba sa cikin waɗanda sashen ke nufi. Suka ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin shari'a na majalisar masarautar Birtaniya a London, wanda a lokacin shi ne matakin ƙarshe, a ranar 18 ga Oktoba 1929 kuma ya soke wancan hukunci, ya tabbatar da cewa kalmar ta haɗa da mata. A shekarar da ta biyo baya aka naɗa Cairine Wilson mace ta farko a majalisar.

Duk da haka ina ganin jaridunmu na Turanci sun wuce gona da iri wajen amfani da ita. Kusan kullum sai an karanta cewa “twelve persons” sun rasu a hatsarin mota, ko “five persons” sun nutse a kogi, saboda ɗan jarida ya kwafi harshen sanarwar 'yan sanda kai tsaye. Ba kuskuren nahawu ba ne, amma yana sanyaya labari, yana mai da mamatan tamkar lambobi a rajista. Ga kunnen Baturen Ingila ko Ba'amurke, “persons” a cikin labari ko wasiƙa ko hira tana da ƙamshin ofis da taurin kai. Wanda ke rubuta labarin mutuwar bayin Allah ya fi dacewa ya kira su “people”, ya bar ɗayar ga alƙali da magatakarda.

A kan “peoples” ne gizo ke saƙar. Kalmar “people” tana da rai biyu. A rayuwarta ta farko jam'i ce, ma'anarta mutane, kuma aikatau na jam'i take ɗauka: “people are”, ba “people is” ba. A ta biyu tilo ce, ma'anarta al'umma guda mai harshe ko tarihi ko ƙasa ɗaya, shi ya sa ake iya cewa “a people”, a kuma tara su a ce “peoples”, wato al'ummomi. Wanda ya ce “the people of Nigeria” yana nufin 'yan Nijeriya baki ɗaya a matsayin jama'a guda. Wanda ya ce “the peoples of Nigeria” yana nufin Hausawa da Yarabawa da Ibo da Kanuri da Tibi da Nufawa da sauransu, kowace al'umma da kanta. Kuskuren da ɗalibai ke yi shi ne su rubuta “many peoples came to the wedding” suna nufin mutane da yawa sun halarci biki, alhali abin da jimlar ke faɗa shi ne ƙabilu da yawa suka hallara.

Harafi ɗaya ne ya raba su, amma a dokar ƙasa da ƙasa wannan harafin ya jawo jayayya ta shekaru. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya buɗe da “We the People”, al'umma guda. Kundin da ya kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 ya ari salon amma ya ce “We the peoples”, tun da al'ummomi da yawa ne suka haɗu. Sai kuma manyan yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam guda biyu na 1966 suka zo, sashensu na farko ya ce dukan “peoples” suna da 'yancin zaɓar makomarsu. Daga nan kalmar ta zama mai haɗari a idon gwamnatoci, domin duk ƙabilar da aka amince a kira ta “a people” tana iya cewa wannan 'yanci ya shafe ta, ta nemi iko da ƙasarta da ma'adinanta, wataƙila ma ta nemi ɓallewa. Shi ya sa ƙasashe masu 'yan asali da baƙi suka mamaye, irin su Kanada da Amurka da Ostireliya, suka daɗe suna fifita a ce “indigenous people” ko “indigenous populations”, wato ɗaiɗaikun mutane kawai, su kuma 'yan asalin suka dage a kan “peoples”.

Ana iya bin sawun wannan ja-in-ja a cikin takardun kansu. Yarjejeniya mai lamba 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan 'yan asali, wadda aka amince da ita a 1989, ta yi amfani da “peoples”, amma sai da aka saka wani sashe da ke cewa amfani da kalmar ba ya nufin an ba da haƙƙoƙin da dokar ƙasa da ƙasa ta rataya mata. Shekarar 1993 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin 'yan asali an rubuta sunanta da “people”, babu “s”. Sai a ranar 13 ga Satumba 2007 babban zauren majalisar ya zartar da sanarwar haƙƙoƙinsu da “peoples” a cikin sunanta, kuma ƙasashe huɗu suka kaɗa ƙuri'ar ƙi a ranar, wato Amurka da Kanada da Ostireliya da New Zealand, ko da yake daga baya duk sun sauya matsayi.

Afirka ta riga kowa ɗaukar kalmar da muhimmanci. Yarjejeniyar da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da ita a Nairobi a 1981, ta fara aiki a 1986, sunanta “African Charter on Human and Peoples' Rights”, kuma hukumar da ke kula da ita tana Banjul a Gambiya. Masu tsara ta sun so su nuna cewa bayan haƙƙin mutum ɗaya akwai haƙƙin al'umma, kamar haƙƙinta a kan arzikin ƙasarta da muhallinta, kuma da waɗannan sassa hukumar ta yi hukunci a kan ƙorafin al'ummar Ogoni a 2001. A lura da inda ɗan waƙafin nan na sama mai nuna mallaka ya zauna a sunan: bayan “s” yake, domin haƙƙin na al'ummomi ne da yawa. Idan ya zo kafin “s”, kamar a “People's Republic of China”, mallakar ta jama'a guda ce. Haka yake a sunan “Northern People's Congress”, wadda iyayenmu suka sani da Jam'iyyar Mutanen Arewa, da “People's Redemption Party” ta Malam Aminu Kano. Jam'iyyar PDP kuwa tana rubuta sunanta “Peoples Democratic Party” ba tare da alamar ba sam, kuma sunan yanka ana rubuta shi ne yadda masu shi suka yi masa rajista.

Idan aka bar waɗannan ukun aka koma kan “man”, “woman” da “child”, an shiga wani tsohon ɗaki da ya girmi zuwan Faransanci. “Men” ta samu ne saboda a kakan harsunan dangin Jamusanci, wanda Turanci ya fito daga cikinsa, jam'in kalmar yana ƙarewa da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, mai wasalin “i”, wannan wasali ya ja na tsakiyar kalmar zuwa gare shi, daga baya ɗafa-ƙeyar ta faɗi ta bar tabonta. Abin da ya faru da “foot” da “feet”, “tooth” da “teeth” ke nan. A tsohon Ingilishi “mann” ɗan Adam take nufi, namiji ko mace, namiji kuma “wer” ne, mace “wif”. Daga “wifman”, wato mutum mace, aka samu “woman”. Wannan ya bar wani tarko ga mai koyo: a rubuce, bambancin “woman” da “women” yana gaɓar ƙarshe, amma a baki yana gaɓar farko, domin tilon ana furta shi kusa da “wuman”, jam'in kuma “wimin”. Da yawa daga cikinmu muna furta su iri ɗaya, mai sauraro ya rasa mace ɗaya ake nufi ko mata.

“Children” ta fi su ban sha'awa, domin jam'i biyu ne aka ɗora ɗaya a kan ɗaya. Tsohon jam'in shi ne “cildru”, wanda ya zama “childer”, kuma har yanzu ana jin wannan siga a karin harshen wasu yankunan arewacin Ingila da Ayaland. Da mutane suka daina jin “r” ɗin a matsayin alamar jam'i, sai suka ƙara “en” irin ta “oxen”. Mu ma muna da irin wannan a maza da mazaje, mata da mataye. Yaron da ya ce “childrens” yana ɗora hawa na uku ne a kan ginin, kuma abin da kakannin Turawa suka yi yake maimaitawa, sai dai nasa bai samu karɓuwa ba. Wajen mallaka ana rubuta “children's”, “men's”, “women's”, alamar kafin “s”, tun da kalmomin sun riga sun zama jam'i.

Ba duk kalmar da ta ƙare da “man” ce ke komawa “men” ba. Ana cewa “policemen” da “Englishmen” domin “man” ɗin da ke cikinsu ta gaske ce, amma jam'in “human” shi ne “humans”, tun da daga “humanus” ta Latin take, kamannin haruffa ne kawai ya haɗa su. Haka “Germans” da “Romans” da “Ottomans”. Da aka fara guje wa “man” a sunayen muƙamai daga shekarun 1970, saboda mata ma suna riƙe su, tsohuwar gardamar ta sake ɓullowa ta taga: ana samun “spokespersons” da “spokespeople” duka biyu, “chairpersons” ta fi yawa a takardun hukuma, “salespeople” kuma ta fi yawa a kasuwa.

Harɗaɗɗun sunaye ba su da wahala idan an gano kalmar da ke ɗauke da mutumin. Surukai mata “mothers-in-law” ne, masu wucewa “passers-by”, manyan lauyoyin gwamnati “attorneys general”, domin “general” a nan sifa ce da ta biyo bayan suna bisa tsarin Faransanci. Idan “woman” ce a gaba sai duka biyun su sauya, a ce “women doctors”.

Inda Turancin Nijeriya ya fi rabuwa da na Ingila shi ne sunaye tattarau, waɗanda siffarsu tilo ce amma cikinsu taro ne. “Staff” na nufin ma'aikatan wuri baki ɗayansu, don haka a daidaitaccen Turanci ba a kiran mutum ɗaya “a staff”, ba a kuma cewa “staffs” ana nufin ma'aikata. Ana cewa “a member of staff”, ko “twenty staff”, ko “staff members”. Dalilin kuskuren a fili yake: muna da ma'aikaci da ma'aikata, sai mu nema wa kalmar Turancin tilo da jam'i irin namu. “Personnel” ma haka take, ba ta ɗaukar “s”. “Police” kullum jam'i ce, “the police are investigating”, ɗan sanda guda kuma “a police officer”. Amma “family”, “team”, “committee” da “government” suna da sassauci, kuma a nan Hausa ta riga ta koya mana darasin, domin mukan ce jama'a ta taru, mukan kuma ce jama'a sun taru, gwargwadon ko dunƙulen muke kallo ko mutanen da ke cikinsa. Turancin Birtaniya yana yin haka daidai, shi ya sa mai sharhin ƙwallo a Ingila ke cewa “Arsenal are winning”. Turancin Amurka ya fi son tilo a irin waɗannan kalmomi. Dukansu karɓaɓɓu ne, abin da ba ya karɓuwa shi ne a fara jimla da ɗaya a ƙare da ɗaya.

Akwai kuma jam'in da ake ginawa da sifa tsurarta: “the poor”, “the rich”, “the elderly”, “the dead”. Duk suna nufin rukunin mutane, suna ɗaukar aikatau na jam'i, kuma ba a saka musu “s”. Babu “the poors”. Sunayen wasu al'ummomi suna bin wannan hanya, musamman masu ƙarewa da sautin shu ko cu ko zu ko su, irin su “the English”, “the French”, “the Chinese”, “the Swiss”, saɓanin “Nigerians” da “Ghanaians” da “Arabs” masu ɗaukar “s” salin alin. A 'yan shekarun nan marubuta suna kauce wa irin su “the disabled” da “the blind” zuwa “disabled people” ko “people with disabilities”, domin kiran mutane da sifarsu kaɗai yana shafe mutuntakarsu, kuma ina ganin wannan gyara ne mai kyau da ya dace da tarbiyyarmu ta sakaya lalurar mutum.

Sunayen da Turanci ya aro daga wasu harsuna sukan zo masa da jam'insu a jiki ba tare da ya sani ba. “Taliban” jam'in ɗalibi ne a harshen Pashto, “Inuit” jam'in “Inuk” ne, “Bantu” ma'anarta mutane, tilonta “muntu”. Namu misalin yana kusa: Fulani jam'i ne a Hausa, tilonsa Bafulatani ko Bafillace, su kuma masu sunan suna kiran kansu Fulɓe, ɗaya Pullo. Bature ya ɗauki jam'in Hausa ya mai da shi tilo ya ce “a Fulani”, wani ma ya ƙara ya ce “Fulanis”, labarin “children” ya sake maimaituwa. A rubutun ilimi an fi cewa “the Fulani” da “the Hausa” ba tare da “s” ba, ko “Hausa people”, ko da yake “Hausas” ma tana yawo a jaridu kuma ba a ɗauke ta kuskure ba.

Saura wakilin suna, inda Turanci ya yi asarar da Hausa ba ta yi ba. Muna da kai da ke da ku, shi kuwa “you” kaɗai gare shi. A da yana da “thou” ga mutum ɗaya, “ye” da “you” ga jama'a. Sai aka fara kiran babban mutum guda da “you” don girmamawa, kamar yadda ɗa mai ladabi ke ce wa mahaifinsa kun dawo lafiya, ko ya ce Baba sun fita. Girmamawar ta yaɗu har ta cinye “thou” daga daidaitaccen harshe a wajen ƙarni na 17, kuma wannan ne ya sa har gobe ake cewa “you are” ko da mutum ɗaya ake wa magana. Giɓin da aka bari kowane yanki ya cike shi da nasa: “y'all” a kudancin Amurka, “youse” a Ayaland da Liverpool, “you guys” a bakin matasa, “una” a Turancin buroka na Nijeriya, wadda ta samo asali daga “unu” ta harshen Ibo.

Mu kuma a Turancinmu na makaranta muka cike giɓin da “you people”, muna fassara ku ɗinmu da zuciya ɗaya. A Kaduna ko Jos babu wanda zai ji komai idan an ce “you people should come and eat”. A Birtaniya da Amurka kuwa furucin yana ɗauke da raini, yana nuna mai magana ya ware kansa ya tattara waɗanda yake wa magana a wani rukuni na ƙasa da shi, musamman idan launin fata ko addini ya bambanta. A watan Yulin 1992 Ross Perot, mai neman shugabancin Amurka a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ya yi amfani da “you people” da “your people” a jawabinsa ga taron ƙungiyar NAACP ta baƙaƙen fata a Nashville, masu sauraro suka nuna ɓacin ransu tun yana kan mumbari, jaridu kuma suka yi ta nanata maganar kwana da kwanaki. Ɗalibinmu da ya je karatu can, ko ma'aikacin da ke aika saƙon imel ga abokan aiki na ƙetare, ya fi masa aminci ya ce “all of you”, ko “you all”, ko “everyone”. Ita “everyone” ɗin, duk da taron da take nufi, aikatau na tilo take ɗauka, “everyone is here”, daidai da yadda muke cewa kowa ya zo.